Bishiyar Da Ba Ta Da Mai Kula

Shafi na 19

Da sunan Allah muke buɗe shafin yau. Masu cika mini waya da "ina ci gaba", ga shi nan, sai dai yau babu abin dariya a ciki.

*

"Ku ɗaga! Ku ɗaga ta nan, mutum ne a ƙasa!"

Rabi'u bai san sanda daddumarsa ta suɓuce daga kafaɗarsa ba. Fitowarsa ke nan daga masallacin Juma'a ya ji ihun, ya karya kwana da gudu ya faɗa layin masu faci.

Sai ya ci burki.

Maɗacin nan na Gyaɗi-Gyaɗi, wanda sai mutum uku sun haɗa hannu suke zagaye shi, yana kwance. Ya faɗo ta kan katanga ya murƙushe rumfar kwanon da ke bayanta. Garin katako jajawur ya cika kwata, warin fetur ɗin injin zarto bai gama bajewa ba. Fastocin 'yan takara da aka lilliƙa a jikinsa suna nan manne, suna ta murmushi suna kallon ƙasa.

Masu yankan kuwa babu su babu labarinsu.

Maza sun fi ashirin, duk da fararen kayan Juma'a, sun sa kafaɗa a ƙarƙashin reshe. Rabi'u ya kutsa ya sa tasa.

"La'ilaha illallahu! Ku ƙara!"

Aka janyo shi.

Malam Mu'azu ne, tsohon da ke ɗinkin takalma a rumfar. Ciwon ƙafa ya hana shi zuwa masallaci tun watan jiya, sai ya yi azahar ɗinsa a nan ya kishingiɗa. Wanda ya yanka bishiyar ya jira layi ya watse kowa ya tafi huɗuba, amma bai leƙa bayan katanga ba.

Jini ta hanci, jini ta kunne. Idonsa a buɗe, ba ya ganin kowa.

"Baba! Wayyo Babana!"

'Yarsa Huraira ce ta fito ko mayafi babu, mata suka riƙe ta. Aka tare ɗan sahu aka cusa tsohon, ƙafarsa ɗaya tana reto a waje, aka yi asibiti da shi.

Rabi'u yana tsaye yana kallon kututturen. Ga lambar da ya rubuta da farin fenti da hannunsa, 64, zarto ya raba ta biyu.

Ya ji an damƙi wuyan rigarsa ta baya.

"Kai! Ba kai ne cikin 'yan makarantar nan masu auna bishiya ba?"

Audu mai faci ne, idonsa ya kaɗa.

"Jama'a ga ɗayansu nan! Su suka zo suka ɗaura mata tef, suka ɗau hoto, suka shafa mata fenti. Shekara nawa bishiyar nan tana tsaye babu wanda ya kalle ta? Daga zuwanku sai zarto!"

"Wallahi Malam Audu don a kare ta muka..."

"Rufe mini baki! Tsamiyar Unguwa Uku ma lambarku ce a jikinta. Darbejiyar bakin kasuwa ma haka. Wannan ta bakwai ke nan. Ku kuke yi musu alama!"

Wani ya ɗauko reshe. Wani ya ce a kawo taya.

"Duk wanda ya taɓa shi sai ya kwana a ofishin 'yan sanda!"

Mai unguwa ne ya ratso, sandarsa a sama. Ya janye Rabi'u ya mayar da shi bayansa, sannan ya juyo ya kalle shi sama da ƙasa.

"Ni na sa muku hannu a takarda kuka fara aikin nan, kai da abokanka biyu. Bayan magariba ina zaure. Ku zo mini da wanda ke wannan ɓarnar, ko in miƙa sunayenku ku ukun ga hukuma da hannuna. Ɓace mini daga nan kafin su canza shawara."

Bai kai titi ba wayarsa ta yi ƙara. Muhibbat.

"Ka zo gidanmu yanzu. Kada ka tsaya ko'ina."

*

A falon baƙi na gidansu Muhibbat da ke Tarauni ya same su. Ita tana zaune gaban laftof, hijabinta har ƙasa, fuskar nan babu annuri. Habibullah, na ukunsu, yana ta kai da kawo kamar wanda aka ɗaure da igiya.

Wata takwas suka kwashe su ukun suna rubuta manhajar Inuwa, aikinsu na shekarar ƙarshe a sashen kwamfuta. Taswira ce ta tsofaffin bishiyoyi daga Gyaɗi-Gyaɗi har Darmanawa, guda ɗari da arba'in da uku, kowace da hotonta da shekarunta. Wadda wani ya ɗauki nauyin kula da ita koren ɗigo take nunawa. Wadda ba ta samu kowa ba ja, don mai gani ya ji tausayi ya ɗauka.

"Zauna," in ji Muhibbat.

"An kusa ƙona ni, Muhibbat. Mai unguwa ya ce bayan magariba..."

"Mun ji. Zauna ka kalli wannan."

Ta juyo masa da laftof ɗin.

"Bishiya bakwai aka yanke. Dukkansu ja. Babu kore ko ɗaya."

"To ai..."

"Ban gama ba. Ka tuna ɓangaren da na rubuta, wanda ke ajiye lambar duk wanda ya taɓa ɗigo? Don mu nuna wa malamin da ke duba aikinmu bishiyar da mutane suka fi so ranar kare aiki?"

Ya gyaɗa kai.

"Yau na zauna na tace shi. Lamba ɗaya ce ta buɗe duka bakwai ɗin. Kowace kwana biyu kafin a yanke ta. Kuma mai lambar ba ya karanta rubutun, maɓallin murya yake dannawa. Sau uku, sau huɗu."

Rabi'u ya matso kusa da laftof ɗin.

Maɓallin murya nasa ne. Shi ya dage sai an sa, saboda waɗanda ba su yi boko ba. Shi ya zauna sati uku yana naɗar bayanin kowace bishiya da bakinsa.

Muhibbat ta danna. Muryarsa ta cika falon, a natse, har da ɗan fara'a.

"Wannan maɗaci ne, ya haura shekara tamanin. Yana layin masu faci, in ka wuce famfo ka yi dama. Har yanzu ba shi da mai kula."

"Kashe," ya ce.

"Har da kwatance muka ba su," Habibullah ya faɗa yana dariyar takaici. "Saura kawai mu ara musu zarto."

Muhibbat ta zaro takarda daga firinta ta ajiye a gabansa, ta ɗora yatsa a kan layi ɗaya.

"Ga lambar. Kuma ba mai ita ne ya yi wa kansa rajista ba. Daga shafin masu gudanarwa aka shigar da ita, ranar da muka buɗe manhajar, da kalmar sirrinka."

Ta ɗago ta kalle shi.

"Lambar wa ce, Rabi'u?"

Bai buɗe baki ba Habibullah ya cakumo shi ya haɗa da bango.

"Sayar da mu ka yi? Munafuki! Muna yawo cikin rana muna auna bishiya ashe kai dillanci kake!"

"Habibullah sake shi, Abbanmu yana ciki!"

"Sai ya faɗa! Ta wa ce?"

"Ta Babana ce."

Hannun Habibullah ya saki da kansa.

Rabi'u ya sulale ya zauna a ƙasan kafet. Maganar tana fita da ƙyar.

"Ranar da Malam ya yaba mana a gaban aji, na koma gida ina jin daɗi. Baba bai taɓa ganin abin da nake yi a makaranta ba, kullum sai dai ya ce Allah ya taimaka. Na karɓi wayarsa na sa masa. Ya saurara ya sake saurara. Ya fita da ita majalisa yana cewa ku ji ɗana a cikin waya."

"Mece ce sana'arsa?" Muhibbat ta tambaya a hankali.

Ya sunkuyar da kai.

"Ka ce mana direba ne," in ji Habibullah.

"Da can. Yanzu itace yake nemo wa gidajen burodi da 'yan katako."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

Muhibbat ta juya ga laftof, ta buga layi biyu ta danna. Taswirar ta ɗauke, allon ya koma fari fat.

"Kin sauke ta? Saura sati ɗaya mu kare aiki fa!"

"Saura ja talatin da ɗaya, Habibullah. Ka fi son a wayi gari talatin?"

Ta ninke takardar ta sa a jakarta, sannan ta dubi Rabi'u. Idonta ya ciko amma muryarta ba ta karye ba.

"Ba zan bari a kai mu ukun ba a kan abin da ba mu yi ba. Kuma ba zan kalli idon Huraira in yi mata ƙarya ba. Ana idar da magariba zan ba Abba takardar nan ya kai gidan Mai unguwa."

"Muhibbat, mahaifina ne."

"Na sani. Shi ya sa ban kai tun ɗazu ba. Ka je ka same shi. In ya kai kansa da ƙafarsa, takardar ba za ta fita daga jakata ba."

*

La'asar sakaliya ya isa Darmanawa. Gidan haya ne mai ɗaki biyu, suna zaune a ciki tun da suka baro ƙauye.

Mahaifinsa Malam Ɗan'azumi yana kan tabarma a tsakar gida, bai ko cire kayan Juma'arsa ba, yana cin shinkafa da wake. Wayar tana gefensa. Mahaifiyarsa Inna Asabe tana bakin murhu.

"A'a, injiniya! Zo ka sa hannu. Dama ina nemanka, abin nan naka ya daina magana tun ɗazu."

Rabi'u ya durƙusa nesa da tabarmar.

"Baba, maɗacin Gyaɗi-Gyaɗi."

Hannun tsohon ya tsaya a cikin kwano. Bai ɗago ba.

"Me ya same shi?"

"Baba, kwamfutarmu tana rubuta duk wanda ya taɓa. Lambarka ce a kan guda bakwai."

Inna Asabe ta ajiye ludayi.

Malam Ɗan'azumi ya suɗe yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, ya ture kwanon.

"To. Ni ne. Sai aka yi yaya?"

"Baba!"

"Kada ka ɗaga mini murya a gidana. Na taɓa kore ko ɗaya? Amsa mini. Na taɓa?"

"A'a."

"Saboda ina tsoron haƙƙi. Abin da yake da mai shi ba na kusantarsa. Kai ɗan ƙauye ne ko ka manta? A garinmu in an tsinci akuya me ake yi?"

Bai jira amsa ba ya ci gaba.

"Cigiya ake yi. A faɗa a masallaci, a faɗa a kasuwa. In an daɗe babu wanda ya ce tasa ce, ta halatta. Ku kuka yi cigiya, ba ni ba. Kuka sa a waya duk Kano ta ji. Kowace bishiya sai da na ƙirga mata kwana arba'in tana ja. Mutanen da ke shan inuwarta kullum, wa ya ce tasa ce? Ko mutum ɗaya?"

"Ba cigiya ba ce Baba, roƙo ne. Roƙon mutane muke su kula da su. Ka san zafin da ake yi a garin nan, ka san yadda ruwa ke cin gidaje..."

"Na sani sarai. Na kuma san burodin da kake karyawa da shi kafin ka tafi makaranta ba da laftof ake gasa shi ba. Da can sai in kwana uku a daji ina neman busasshen marke, ga 'yan bindiga. Yanzu ɗana ya kawo mini daji har cikin aljihu, in ƙi?"

"Kai ka riƙe zarton?"

"Allah ya kiyaye. Ni a sahun farko na yi Juma'a, tambayi liman. Kwatance kawai nake bayarwa a waya, masu inji su je."

"Wa ya ce su je lokacin huɗuba?"

Tsohon ya ɗan kau da kai.

"Ni. Don kada reshe ya faɗa wa yaran mutane. Lokacin layi babu kowa."

"Akwai kowa, Baba."

"Me ka ce?"

"Malam Mu'azu mai takalma yana kwance a rumfarsa. A kansa ta faɗo. Da kafaɗata aka ɗaga reshen."

Inna Asabe ta dafe ƙirji.

"Mu'azu?" Muryar Malam Ɗan'azumi ta sauya. "Mu'azu ai ba ya fashin Juma'a. Shekara goma muna haɗuwa a..."

"Ƙafarsa ta kumbura tun watan jiya."

"Yana raye?"

"An tafi da shi asibiti."

Wayar Rabi'u ta yi tsuwa a aljihu. Ya ciro. Saƙon Habibullah ne, layi ɗaya.

Ya karanta, ya sake karantawa. Ya kasa ɗagowa.

"Karanta mini," in ji mahaifinsa.

"Baba..."

"Na ce ka karanta mini! Kullum kai kake karanta mini, yau ne za ka ƙi?"

"Allah ya yi masa rasuwa. Gobe da safe za a yi jana'iza."

Tukunya tana ta tafasa a kan murhu har ta fara zuba cikin wuta.

Malam Ɗan'azumi ya kalli tafin hannunsa na dama, ya juya shi, ya sake juyawa. Leɓensa yana motsi amma salatin ya ƙi fita.

Inna Asabe ce ta fara dawowa hayyacinta. Ta rarrafo ta kama gwiwar Rabi'u.

"Wa ya sani bayan kai?"

"Muhibbat da Habibullah. Bayan magariba za a kai wa Mai unguwa takarda."

"Takarda ai takarda ce, kowa ma zai iya rubutawa. Abin da ke cikin kwamfutar shi ne shaida, ko ba haka ba? Kai ka haɗa ta. Goge lambar."

"Inna..."

"Za ka iya ko ba za ka iya ba?"

Zai iya. Kalmar sirrinsa tana aiki har yanzu, minti ɗaya ya ishe shi daga wayar da ke hannunsa. In ya goge, takardar Muhibbat ta zama zance, su ukun kuma su kwana a hannun hukuma a matsayin masu yi wa ɓarayin itace alama.

"Ubanka ne, Rabi'u. Yana da hawan jini, in suka rufe shi gawarsa za a miƙo mana. Ka dubi nonon da ka sha."

Ya buɗe shafin. Ya shigar da kalmar sirri. Ga layukan nan bakwai reras, lambar mahaifinsa a kan kowanne. Ya zaɓe su duka. Yatsansa yana saman maɓallin gogewa.

"In ka taɓa ban yafe ba."

Ya ɗago a firgice.

Malam Ɗan'azumi ya miƙe tsaye, yana dafe da bango. Hawaye yana bin gemunsa, bai share ba.

"Malam, ka san me kake faɗa kuwa?" in ji Inna Asabe.

"Na kashe mutum ina sahun farko, Asabe. In yaron nan ya goge a waya, wa zai goge mini a can? In bar 'ya'yan mutane su shiga gidan yari a kaina, har da nawa?" Ya juya ga Rabi'u. "Mayar da ita aljihu. Miƙo mini hulata."

"Malam don girman Allah!"

"Hulata na ce."

Rabi'u ya ɗauko hular a kan taga ya miƙa masa da hannu biyu. Tsohon ya kafa ta, ta karkace, bai gyara ba.

"Kai za ka raka ni. In na kasa magana a gaban Mai unguwa, ka faɗa masa komai. Da sunan masu injin, da wanda nake bai wa kwatance."

"Wane ne shi, Baba?"

"Ban taɓa ganinsa ba. A waya kawai muke magana."

Suka nufi soro, Inna Asabe tana biye da su tana kuka ƙasa-ƙasa. Rabi'u ya zare sakata ya ja ƙofar.

Baƙar mota ce a fake daf da bakin ƙofar, ta toshe hanya, injinta bai mutu ba.

Wani mutum yana tsaye a kan dakalin, dogo, cikin farar shadda mai sabon guga, yana jan carbi a hankali. Mutum biyu a bayansa. Na hagun bai ko karkaɗe jan garin katakon da ke ƙafar wandonsa ba.

"Salamu alaikum," in ji mutumin, cikin taushin murya. "Malam Ɗan'azumi ko? Yau dai Allah ya yi mun ga juna."

Malam Ɗan'azumi ya gane muryar, ita ce ta waya, ya dafa kafaɗar Rabi'u.

"Alhaji, ka ba mu hanya," in ji tsohon. " Gidan Mai unguwa za mu."

"Mai unguwa ba ya gudu."

Mutumin ya tako cikin soron ba tare da an ce ya shigo ba. Na bayansa suka biyo shi, na ƙarshen ya mayar da ƙofar ya danna sakata.

Ya dubi tsohon, ya dubi Inna Asabe, sannan idonsa ya tsaya a kan Rabi'u. Ya yi murmushi.

"Ina da motoci uku da na yi wa alkawarin kaya kafin Laraba, kuma Malam ya ce da taswirar waya yake nemo mini itace. Wanne ne a cikinku ya kashe mini taswira?"